Kafin ka buɗe wa magenka ƙofa, ka tabbata ta san hanyar dawowa

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikata. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon mage, musamman waɗanda tasu magen tun tana 'yar mitsitsiya a ɗaki ta tashi, ba ta san komai ba sai kujera da labule da kwanon abincinta, yanzu kuma sun ga ta koma yini a bakin taga tana leƙen tsuntsaye tana ɗan kukan nan mai karya zuciya, shikenan sai su ce haba, bari dai a buɗe mata ta sha iska.

Ni ban ce kar a buɗe ba. Amma abin da mutane ba sa lura da shi, fita ba sai an koya wa mage ba, ko yau ka bar ƙofa a buɗe za ta fita. Dawowar ce aiki, kuma ita ce ya kamata a fara koya mata tun ba ta taka waje ba.

Duk wanda ya taɓa ganin magen ɗaki ranar da ta fara fita ya san abin da nake nufi. Za ta tsaya a bakin ƙofa, wuya a miƙe, hanci na ta motsi, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta riƙe a sama kamar ƙasar za ta ƙone ta, sai ta sauke a hankali, ta ja ciki kusa da ƙasa tana bin jikin bango. To a daidai wannan lokacin babur ya wuce da ƙara, ko kare ya yi haushi, ko wani ya buga ƙyaure, wallahi kafin ka ƙifta ido ta ɓace. Kuma ba ƙofar da ta fito za ta nufa ba fa, don ba ta riga ta haddace inda take ba, ramin da ya fi kusa za ta faɗa, ƙarƙashin mota ko cikin kwata ko bayan tarkace, ta lafe ta yi tsit. Kana kira tana jin ka sarai amma tsoro ba zai bar ta ta amsa ba. Yawancin magen da ake cewa "ta gudu" haka abin yake faruwa, ba gudu ta yi ba, firgita ta yi.

Da farko ma ka tambayi kanka ko taka tana cikin masu fita. Wadda ta tsufa, ko idonta ya yi rauni, ko kurma ce, kuma fararen maguna masu shuɗin ido da yawansu kurame ne ba tare da masu su sun sani ba, irin wannan ba ta jin mota ta taho. Wadda aka cire wa farata ba ta iya hawa bishiya ba ta iya kare kanta. In kuma gidanka a bakin babban titi yake ko a saman bene, gaskiya ni shawarata ka haƙura, ka kewaye mata baranda ko wani lungu da ragar waya har sama, ka sa mata katako ta riƙa hawa tana shan hantsi, ta samu iskar ta samu kallon, kai ma ka yi barci da ido biyu rufe. Ba zalunci ba ne.

To in ka ga taka ta cancanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Likitan dabbobi ne zangon farko. Allurar riga-kafi ana fara ta ne tun ɗan mage yana da sati 8 zuwa 9, a maimaita bayan sati 3 ko 4, sannan a ɗan jira kamar sati guda bayan ta ƙarshen kafin a ce jiki ya ɗauka. Ita ce ke kare su daga murar maguna da wata muguwar cuta mai sa amai da zawo wadda ke kashe ƙanana cikin 'yan kwanaki. Akwai ta cutar sankarar jini ta maguna da suke ɗauka wajen cuɗanya da juna, ita ma ka tambaya. Sai ta ciwon haukan kare, wadda ake yi daga wata 3, kuma wannan kam ba don magen kaɗai ba ce, don kai ne da 'ya'yanka, saboda mage na ɗaukar cutar kuma tana iya sa wa mutum ta cizo, in alamu suka bayyana kuwa sai dai a ce Allah ya jiƙai. Wanda magensa ta girma a ɗaki ba a taɓa yi mata ko ɗaya ba, kar ya ce lokaci ya wuce, ana yi wa manya ma.

Sai batun da mutane ba sa son ji, wato a dandaƙe muzuru, macen kuma a yi mata aikin hana haihuwa. Na san wasu na ganin kamar an tauye dabba. Amma ku duba lissafin, mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma sati 9 ne kacal, a shekara tana iya zuba 'ya'ya sau 2 ko 3, wa zai riƙe su? Shi kuwa muzurun da ba a dandaƙe ba da zarar ya ji kukan mace a can wata unguwa ba katangar da za ta tare shi, zai tsallake titi nawa ne ma bai damu ba, ya yi kwanaki ya dawo a rame kunne a yage. Kuma a wajen wannan faɗan ne, ta hanyar cizo, suke ɗaukar cutar da ke karya garkuwar jikin mage, wadda likitoci ke kira FIV. Ba ta kama mutum, amma in ta shiga jikin mage ta shiga kenan. Naka da ya tashi a kan katifa, kyanwar Lami ba cizo ba yakushi, shi za ka tura cikin muzuran da suka ƙware a kwana kan katanga? A yi aikin, a bar ciwon ya warke tas, sannan a yi maganar waje.

Alamar shaida ma a yi mata. Abin wuya mai lambar wayarka, amma don Allah irin wanda ke ɓallewa da kansa in ya maƙale, ba igiya ko roba ba, don mage na shiga tsakanin reshe da ƙarfe, in abin bai ɓalle ba shi zai shaƙe ta, wani lokacin ma ta cusa hannu ciki ya yanke mata hammata. Ka bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da wuya. Inda ake samu kuma akwai 'yar na'urar nan maikurocif, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, likita ke sa ta ƙarƙashin fata a tsakanin kafaɗu. Ba ta nuna maka inda magen take fa, wasu na zaton haka, sai dai in an tsince ta a ɗora na'ura a ga lambar a gano mai ita. A Ingila tun 10 ga Yunin 2024 doka ce, dole a sa wa mage kafin ta kai sati 20, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500.

Yanzu ga ainihin aikin, kuma ba ya cin ko sisi. Ka daina barin abinci a kwano yini guda. Ka tsayar mata da lokaci, safe da yamma, kuma duk sanda za ka zuba sai ka yi wata ƙara guda ɗaya da ba ta canzawa, ko ka ƙwanƙwasa kwanon da cokali ko ka yi fito ko ka kira sunanta da murya iri ɗaya. Sati biyu zuwa uku za ka ga ko tana can ƙuryar ɗaki tana barci da ta ji ta taso a guje wutsiya a sama. Sai ka fara gwada ta daga wani ɗakin, daga bayan ƙofa, a lokacin da ba ta zata ba, in ta zo ka ba ta ɗan abin da ta fi so. Kar ka taɓa yin wannan kiran don ka kama ta ka ɗura mata magani ko ka yi mata wanka, sau ɗaya ka yaudare ta ta gane ka, mage ba ta mantuwa da irin wannan. In kuma sabon gida kuka koma ko sabuwar mage ce aka ba ka, ta yi aƙalla sati 3 zuwa 4 a ciki tukuna, sai ta gama goga kumatunta a ƙafar kujera da bakin ƙofa, don da wannan ƙanshin nata take gane nan ne gida, in ba haka ba tsohon gidan za ta nema.

Ranar farko ka zaɓi safiya da ba hayaniya ba hadari, ranar da kana gida ba ka sauri, kuma kafin ta ci abinci, da 'yar yunwarta. Ka buɗe ƙofa ka fita kai ka zauna a ƙasa kusa. Kar ka ɗauke ta ka kai ta tsakiyar fili ka ajiye, wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, ta taka da ƙafarta don ta san ta inda ta bi. Ƙofar ta zauna a buɗe. In ta leƙo ta koma, shikenan na yau ya yi, kar ka matsa. In ta fito ka bar ta ta shinshina abinta minti 10 ko 15, sai ka ƙwanƙwasa kwano ku koma ciki ta ci. Gobe a ƙara kaɗan, jibi a ƙara, har ka fara barinta ita kaɗai. Wasu na ɗiban ƙasar da take fitsari a ciki su zuba a wani lungun gidan don ƙanshinta ya kama wajen, ba laifi. Masu son sa mata ɗamara mai igiya su fara saba mata a ɗaki, don karon farko za ta zube ƙasa ne ta ƙi motsi kamar an kashe ta, kuma a ƙirji ake ɗaurawa, ba a wuya ba.

Kafin nan ka zagaya gidan da idon mage. Rijiya ko tanki ko duro mai ruwa a rufe. Maganin ɓera shi na fi tsoro, don ba sai ta ci shi kai tsaye ba, ɓeran da ya ci ya fito yana tangaɗi shi ya fi sauƙin kamu, kuma yawancin irin maganin jini yake hana daskarewa, sai bayan kwana 3 zuwa 5 ka ga ta yi laushi dasashinta ya yi fari fat, alhali jini na zuba a ciki. Akwai makarinsa a wajen likita in an kai da wuri. Ruwan nan mai launi da ake zubawa a lagireton mota, ɗan kaɗan ta lasa ƙoda ta tafi. Furen lili ma haka, ko garin furen ta lashe a gashinta. Maganin ƙuma da kaska kuwa dole ne ga mai fita, da na tsutsar ciki kamar duk wata 3, amma na mage za ka saya, na kare da yawa akwai sinadarin da za ka ga an rubuta permethrin a kwalin, shi kuma mage yake sa wa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kuma don girman Allah kar wanda ya ba mage farasitamol wai don ta dawo da zazzaɓi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Masu mota kuma a riƙa bubbuga bonet da safe kafin a tayar, suna son ɗumin inji.

Dare kam a ciki za ta kwana, ban yarda da jayayya a nan ba. Ka sa abincin yamma ya zama kafin rana ta faɗi, ta shigo ka rufe. Da almuru da asuba ne suka fi farauta, lokacin ne direba ba ya ganinsu, lokacin ne kuma ake faɗan. Wannan ma ya rage ɓarnar da take wa tsuntsaye, don kar mu yaudari kanmu, ko ta ƙoshi sai ta kama. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2013 ya ƙiyasta maguna na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa 4 duk shekara a can, duk da dai marasa gida ne suka fi yin ɓarnar. A Kanbera babban birnin Ostareliya ma duk magen da aka haifa daga 1 ga Yulin 2022 ba a yarda ta fita yawo ba kwata-kwata. In maƙwabcinka na da kaji ko tattabaru ka je ka same shi tun kafin a ji kanku, ka nuna masa ita, ka ba shi lambarka.

Duk sanda ta dawo ka shafa ta da hannu ko'ina, gindin wutsiya da kumatu da ƙafafu. Haƙorin mage siriri ne, ramin cizon rufewa yake nan take ba ka ganin komai, sai bayan kwana biyu uku wajen ya kumbura ya yi zafi ta ƙi cin abinci, to ƙurji ne ya tara mugunya, a kai ta a fasa a wanke.

In kuma duk da haka wata rana ka ƙwanƙwasa kwano shiru, kar ka hau mota ka tafi nesa nema. Ka fara da gidanka da gidaje uku huɗu na kusa, ka roƙi masu su su bar ka ka duba da kanka, sito, garejin da aka rufe, ƙarƙashin mota, saman silin, cikin bututu. Ka fita da tocila bayan dare ya raba gari ya yi shiru, ka haska ƙasa-ƙasa, idonta zai ƙyalla. Ka ajiye tsumman da take kwanciya a kai a bakin ƙofa. In ka hango ta kar ka ruga kanta, ka tsuguna nesa kaɗan ka yi kiran da ta saba, ka jira, ko da zai ɗauki rabin awa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai kiwon mage