Maƙwabcin da ya kai matata asibiti mai gidan giya ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mutumin Zariya ne, shekarata 36, yau shekara shida ke nan ina zaune a birnin Denba na jihar Kolorado a Amurka, ina aikin gyaran na'urorin asibiti. Ta intanet nake bin shirinku, shi ya sa da al'amarin nan ya hana ni barci na ce gara in rubuto.

Maƙwabcina na jikin katanga Bature ne, dattijo, zai kai shekara 60. Hunturun bara naƙuda ta kama maiɗakina wajen ƙarfe biyu na dare, dusar ƙanƙara ta rufe motata, motar kuma ta ƙi tashi. Ban ko ƙwanƙwasa masa ba. Kai-komona ya hango ta taga, ya fito da kayan barci da shebur a hannu, ya kwashe mu a motarsa har asibiti, ya zauna ɗakin jira har gari ya waye aka ce an sauka lafiya. Ranar suna shi ya kai ni gonar da muka yanka rago, ya tsaya har aka gama fiɗa.

Mutumin nan gidan giya gare shi haɗe da gidan abinci, layi uku daga gidanmu, kuma a ciki yake dafa giyarsa da kansa.

Kada Malam ya kawo mashayar Sabon Gari ko gidan burkutu a ransa. A nan sana'a ce da ake tinƙaho da ita. Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa a 1978, ƙananan masu dafawa suka yi ta yaɗuwa, yanzu sun haura 9,000 a faɗin ƙasar. John Hickenlooper, wanda ya yi magajin garin Denba, ya yi gwamnan Kolorado, daga baya ya tafi majalisar dattawa, da irin wannan gida ya fara suna, wanda ya buɗe da abokansa a 1988. Duk shekara kuma a garin nan ake babban bikin giya na ƙasar. Saboda haka maƙwabcina yana kallon kansa ne kamar yadda mai burodin unguwa yake kallon kansa, mutum mai ciyar da ma'aikata da tara jama'a wuri ɗaya.

Watan jiya wurin ya cika shekara goma da buɗewa. Ya kawo mini katin gayyata da rubutun hannunsa, ya ce yana so a ranar ya ga maƙwabtansa. Kwana uku ina juya katin nan. Daga ƙarshe na tafi ni kaɗai, bayan sallar la'asar, da niyyar in taya shi murna in juyo.

Abin da ya fara tarbata ƙamshi ne kamar na hatsin da aka jiƙa ana dafawa, don da sha'ir ake yin ta, da wani fure mai ɗaci. Bayan wani gilashi ga manyan tankunan ƙarfe suna ƙyalli, sun fi ni tsawo. A bango an jera kawunan famfo fiye da goma, sama da su allo an rubuta da alli sunan kowace giya da ƙarfinta, wata kashi 5 cikin 100, wata 7, wata har 10. Wasu ana kawo musu 'yan ƙananan kofuna huɗu a kan katako suna ɗanɗanawa ɗaya bayan ɗaya. Ba hayaniya, ban ga mai tangaɗi ba. A tsakar gida ga iyaye da 'ya'yansu, yara na cin dankali, karnuka kwance ƙarƙashin tebur. Wanda bai kai shekara 21 ba dai ba a sayar masa, sai an duba katinsa. Wannan natsuwar ce ta fi ba ni tsoro, Malam, domin minti goma da zamana na ji zuciyata ta daina ƙyamar wurin.

Da ya gan ni ya taso ya rungume ni, ya gaya wa yarinyar da ke kanta cewa wannan ba ya sha. Ya ce akwai wadda aka cire wa barasa. Na tambaye shi ko an cire duka, ya gaya mini gaskiya cewa doka ta yarda a kira ta haka muddin abin da ya rage bai kai kashi 0.5 cikin 100 ba. Na ce a'a, aka kawo mini lemon citta. Sai ya sa aka soyo mini kifi da dankali, na ci sosai. Bayan na gama ne idona ya faɗa kan takardar abinci, ashe da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Ya ce wuta tana ƙone ta. Daga baya na karanta cewa dahuwa ba ta kore ta ƙaf. Kusan minti arba'in muna tebur ɗaya, kofinsa a gabansa, hadisin nan na Tirmizi da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya yana ta yi mini amo a kunne, amma kunya ta hana ni tashi.

Ina fitowa, wani ɗan'uwa da muke sahu ɗaya a masallaci ya wuce a mota, muka haɗa ido. Tun ranar gaisuwarsa ta canja. Maiɗakina ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi alherin mutumin nan yana wuyanmu, amma gidansa ya kamata mu riƙa kai masa tuwo, wurin sana'arsa kuwa mu bar masa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ya ci tsirena ranar suna, bai manta ba. Yanzu ya ce in riƙa kafa tukubata a tsakar gidan giyar tasa duk Asabar, ba kuɗin haya, cinikin duka nawa. Al'ada ce a nan, masu sayar da abinci a mota suna yawan tsayawa a irin waɗannan wurare. Mahaifiyata tana Zariya ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, nauyin kuma a kaina yake, albashina ya fara gazawa. Sai dai shi da bakinsa ya ce, yana murmushi, yaji yana kawo ƙishirwa, kowa zai amfana. Na san mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ni ba zan taɓa kofi ba, nama na halal zan gasa, amma na san yajina zai ƙara masa ciniki.

Malam, mene ne hukuncin wannan kuɗi, ga halin da mahaifiyata take ciki? Kifin da na ci cikin rashin sani, istigfari ya wadatar? Shi ɗan'uwan masallaci in same shi in yi masa bayani, ko in bar shi da zatonsa? Abin da ya fi damuna kuma, in har ƙi zan yi, da wane lafazi zan gaya wa mutumin da ya fito cikin dusar ƙanƙara dominmu, ba tare da ya ji kamar ina ƙyamarsa ba? Ni ne Musulmi na farko da ya sani a kusa, ba na so ya ɗauka addinina ne ya koya mini butulci.

Ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen wata, kuma kullum da safe muna gaisawa ta kan katanga. Don Allah a taimaka mini da wuri, a kuma sa mahaifiyata a addu'a.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Denba, Amurka