Siminti ba zai ceci tsohon garin Agadas ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu gidaje da hukumomi kan tsohon garin Agadas, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Baƙo in ya zo, hasumiyar babban masallaci yake fara nema, mai tsawon mita 27, zallar ƙasa, wadda aka sake ginawa a 1844. Daga nan sai fadar Sarkin Abzin da gidan da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya sauka a 1850. Waɗannan ana kula da su gwargwadon hali. Gidajen talakawa na unguwanni 11 da ke kewaye da su ne ke lalacewa, kuma sau da yawa gyara ne yake kashe su.

Mai gida ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya shafe bangon da siminti. To, bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe, ya fitar da shi ta jikinsa. Siminti kuwa toshe shi yake yi. Danshin ya maƙale a ciki, tubali ya yi laushi, gishirin ƙasa ya taru a bayan shafen. Ga rana da sanyin dare, siminti da laka ba tare suke motsawa ba, dole a samu tsaga, ruwa ya shiga ya rasa mafita. A ƙwanƙwasa irin wannan bango da hannu: in ya yi ƙarar ganga, shafen ya rabu da ginin tun tuni, komai kyansa a ido.

Yaɓen ƙwarai ba asiri ba ne. Ana haɗa laka da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a jiƙa, a tattake, a bar kwaɓin ya ruɓa na wasu kwanaki. Sai a kankare duk abin da ya ɓamɓare, a yayyafa wa bangon ruwa, a shafa da hannu. Kada kaurin shafe ɗaya ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ramin ya yi zurfi, a cike shi sau biyu ko uku, kowane ya sha iska tukuna. Laka mai yawan yumɓu tsagewa take yi, sai a ƙara rairayi. Wadda rairayi ya yi wa yawa kuwa ruwan farko zai wanke ta. A yi aikin da sassafe, a kuma gama kafin watan Yuli, domin ruwan Agadas kaɗan ne a shekara amma a ɗan lokaci yake sauka da ƙarfi.

Rufi ma a hau a duba. Indararo ɗaya da ya toshe da leda ya isa ya tara ruwa har azara ta ruɓe. A sa shi ya zarce bango da kamu ɗaya aƙalla, a ajiye dutse inda ruwan yake faɗuwa don kada ya ƙwaƙule gindin katanga. Bakin azarar da ke cikin bango a soke shi da wuƙa, nan gara take fara ci.

Abin da ya fi ƙarfin mai gida shi ne lungu. Shara da ɓaraguzai sun ɗaga wasu hanyoyi har sun fi daɓen zaure tudu, ruwan wanka da na wanki kuma yana kwance a jikin katanga rani da damina. Ina kira ga hukumomin gari da fadar Mai Martaba su fara da magudanun ruwa, su kuma haɗa matasa da tsofaffin magina su koyi kwaɓi a bakin aiki.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Agadas