Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Ciniki na Sudan: Ku Duba Abin da Ke Shiga Aljihun Manomi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Duk lokacin da aka yi gyara a dokar fitar da amfanin gona, lissafin da ake kawo maka na tashar jirgin ruwa ta Fot Sudan ne: tan nawa ya fita, dala nawa ta shigo. Muna roƙon ka nemi wani lissafin, wato daga kuɗin kintari (ma'aunin nauyi) guda na riɗi, nawa ke isa hannun wanda ya yanka shi a Gadarif ko Sinnar.

Ƙaro ya isa misali. Daga 1969 kamfani ɗaya ke da ikon fitar da shi ɗanye, sai a 2009 aka janye wannan iko. Kafin nan, da farashi ya karye, mai gona a Kurdufan sai ya sare dakwararsa, itacen ƙaro, ya yi gawayi. Da masu saye suka yawaita, kason mai tsaga dakwara don ƙaro ya ƙaru. Wannan gyara ya yi amfani, ba ma musu.

Amma buɗe ƙofar waje kaɗai ba ya raba ƙaramin manomi da talauci, domin galibi ya sayar da amfaninsa tun yana tsaye a gona. A watan Agusta rumbu ya ƙare, ga kuɗin cire ciyawa, sai ya karɓi shail, wato bashi, wajen ɗan kasuwa a kan zai biya da buhuna a farashin da aka yanke tun damina. Riɗi kuma ba ya jira: idan aka makara da yanka, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa. Dole a nemi kuɗin leburori a cikin 'yan kwanaki, ko ta halin ƙaƙa. Bashin salam na banki, inda banki ke ba da kuɗi a biya shi da amfanin gona a kaka, yana neman jingina, shi ya sa ya fi isa ga mai gona fadan dubu (fadan ma'aunin faɗin gona ne), ba mai fadan goma ba. Idan farashin duniya ya tashi, riba ta wanda ya ba da shail ce. Ga jibaya, wato harajin hanya, a kowane shinge, kuma direba ba ya biyan ta daga aljihunsa, daga farashin manomi ake zare ta.

Sai hani na ba-zata. A 2020 an hana fitar da ɗanyar gyaɗa don a matse mai a gida. Niyya mai kyau ce, amma idan masu saye suka ragu, mai injin matsa ne ke yanka farashi.

Don haka, ranka ya daɗe, duk wani hani ko sabon haraji a sanar da shi kafin watan Yuni, manomi ya san abin da zai shuka. A haɗe kuɗaɗen hanya su zama guda, da rasidi ɗaya daga gona zuwa tashar jirgin ruwa. A kuma sa banki ya karɓi takardar ajiyar buhuna a sito a matsayin jingina, yadda mai fadan goma zai iya riƙe riɗinsa wata biyu ko uku bayan kaka.

Wassalam.
Wasu manoma da dillalan amfanin gona, Gadarif da Sinnar