Rahoton ayyukan shekara: aikin ƙungiyarmu kan ƙwayoyin nono da daudawa

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taro ya amince, bana kusan dukkan ƙarfin ƙungiya ya tafi ne kan abu guda: sinadaran da wasu bakteriya masu amfani ke fitarwa, masu aiki irin na sabulu, su haɗa mai da ruwa, su kuma hana ƙwayoyin cuta maƙalewa.

A zaman karatu na ranakun Asabar mun fara da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, surfactin, wanda masana a Japan suka gano a 1968 daga wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis. Ƙarfinsa ba wasa ba, domin yana sauke ɗaurin saman ruwa, wato ƙarfin da ke riƙe ɗigo a dunƙule, daga 72 zuwa wajen 27 mN/m (ma'aunin wannan ɗauri). Abin da ya fi jan hankalin mambobi shi ne, wannan bakteriya na cikin manyan masu ruɓar da kalwa ta zama daudawa, kuma danginta ne ke aikin daudawar batso. Daga nan muka koma kan Lactobacillus, bakteriyar nono da kindirmo. An nuna a ɗakin gwaji cewa abin da wasunsu ke fitarwa yana rage maƙalewar Enterococcus faecalis, ɗaya daga cikin masu jawo ciwon mafitsara. Mambobinmu masu aiki a asibiti sun san fitinar robar fitsari idan ƙwayoyi suka yi mata shimfiɗa: magani ba ya ratsa su da sauƙi.

Mun sayo nono da daudawa a kasuwannin Yamai, har da Katako, muka noma ƙwayoyin, muka yi gwajin ɗigo a kan mai. Wasu ɗigon sun baje, alamar akwai sinadarin, wasu ko motsi. Ɗaukewar wuta a lokacin zafi ta lalata mana samfura da dama.

Kwamiti na jan kunnen kowa: kada a je gida ana cewa nono ko daudawa na warkar da ciwon mafitsara. Surfactin ɗin kansa, idan ya yi yawa, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma gwajinmu bai wuce matakin farko ba.

Ziyarar makarantun sakandare ba ta yiwu ba, an ɗage ta.

Kuɗin da aka tara ya ƙare a kayan noman ƙwayoyi da safar hannu. Baɗi muna son tantance sunayen ƙwayoyin da suka ba da alama, kuma wannan sai da kuɗi. Waɗanda ake bin su kuɗin wata, don Allah su ga ma'aji kafin babban taro.

Sakataren ƙungiya