Kafin matasanmu su shiga kogon dutse

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in ja hankalin matasan Kano masu kallon bidiyon shiga kogo a ƙasashen waje, har suna sha'awar gwadawa a gida.

Kogo mai zurfi yana samuwa ne a irin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Kalambaina da Ashaka. Ruwan sama yakan kwashi iskar kabon ya ɗan yi tsami, ya bi tsaga yana cin dutsen shekaru dubbai. Haka aka samu kogon Veryovkina na yankin Abkaziya da ke maƙwabtaka da Rasha, mai zurfin da ya haura mita 2,200. Mu a Kano marmara ce a sama, irin ta Dala da Goron Dutse, a ƙarƙashi kuma dutse mai tauri da ake kira giranit, wanda ruwa ba ya narkarwa. Abin da muke da shi tsagogi ne tsakanin manyan duwatsu, sai tsofaffin ramukan kuza na Riruwai. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, domin mutum ne ya haƙa su, kuma suna ruftawa ba sallama.

Wani babban makashi shi ne iska. Iskar kabon ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasan rami ta kori oksijin da muke rayuwa da shi, ba launi ba wari. Masu haƙar rijiya sun sani, shi ya sa suke zura fitila kafin su sauka. Oksijin a waje kashi 21 ne cikin 100, wuta kuwa takan mutu idan ya sauko wajen 16. Da zarar an fara haki da ciwon kai, a fito.

Da damina kam kada a shiga. A 2018 ambaliya ta tsare yara 12 da kocinsu a wani kogo a Tailan fiye da mako biyu.

Kada a gaza mutum huɗu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kowa da hular kwano da tocila uku, da takunkumi saboda ƙurar kashin jemage tana kai cuta huhu. Igiyar kasuwa ba ta wannan aiki, sai ta mahawa dutse mai kaurin milimita 10. Waya ba ta da sabis a ciki, don haka a sanar da dagacin wurin lokacin shiga da na fitowa.

Mai karatunku,
daga birnin Kano