Baƙi sun yi mana yawa a Alƙahira, na kasa buɗe baki

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah Ya saka miki da alheri kan wannan fili. Mahaifiyata ba ta bari ya wuce ta, a wajenta ma na saba sauraronki.

Ni 'yar Tudun Wada ce, nan Kaduna. Shekara biyar ke nan da aurena, na bi maigidana Masar inda yake karatun digiri na uku a Azhar. Muna zaune a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai 'yan Afirka suke da yawa. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo, a hawa na huɗu, mu da yaranmu biyu. Yanzu haka ina gida, na zo bikin ƙanwata, saura kwana tara in koma, shi ya sa nake son jin ta bakinki kafin in tashi.

Damuwata baƙi ne. Bara kaɗai sau bakwai muka sauki mutane daga gida. Wasu asibiti ya kawo su, wasu saro kaya, amma mafi yawa buɗe ido suka zo yi. Kuma wallahi Anti ba ƙin su nake ba. Wanda ya zauna a ƙasar wasu ya san daɗin jin sallama da Hausa a bakin ƙofa, ga ƙunshin daddawa da kuka da yajin da Mama ta daka da hannunta. Ba zan manta ranar da na kai goggona gidan tarihin da ke Fusɗaɗ ba, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyin Masar 22 a watan Afrilun 2021. Ɗakin da duhu-duhu, ba a yarda a ɗauki hoto ba. Ta tsaya gaban gawar Ramsis na biyu, ta toshe baki da gefen mayafinta, tana karanta ayar nan ta Suratu Yunus mai magana kan gawar Fir'auna, hawaye na zuba. Maigida ya gaya mata cewa masana sun saɓa kan ko wanne ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa, ta ce ko ma wanne ne, ita dai ta ga ƙarshen mai mulki. Daga nan muka wuce da ita masallacin Amru bin As da ke kusa, washegari kuma ziyarar kabarin Imam Shafi'i. Har yau in muka yi waya sai ta sa mini albarka. Irin wannan ba na so in rasa shi.

Amma abin da baƙo ba ya gani shi ne kuɗin da ke fita. A wuraren tarihin Masar, kuɗin shigar ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma namu ya ninka nasu sau da yawa. Maigida ne kaɗai ke samun rangwame saboda katin ɗalibi. Wurare da dama yanzu da katin banki ake biya, to katin wa za a miƙa? Namu. Daga gidanmu zuwa dalar Giza, in an ci karo da cunkoso, an fi awa ɗaya a mota, kuma ba ka cusa dattijo a bas. Can kuma yara sai sun hau raƙumi. Sai a ce kasuwar Khan el-Khalili, sai kwale-kwale a kogin Nilu da yamma, wani ya ce ai bai zo Masar ba in bai ga teku a Iskandariyya ba, tafiyar kusan awa uku a jirgin ƙasa. Ni dalar nan na je ta ya fi sau goma sha biyar. Tun watan Maris na 2024 da fam ɗin Masar ya faɗi, daga wajen 31 a dalar Amurka ɗaya zuwa kusan 50, komai ya tashi, har mai gida ya ƙara mana haya. Mu kuwa ɗan tallafin karatu ne da koyarwar da maigida ke yi wa yara ta intanet.

Sau ɗaya na gwada magana. 'Yar kawuna ce ta zo da 'ya'yanta uku, a bakin ƙofar shiga dala na ce mata a hankali, "Yaya, ko za ki taimaka da kuɗin tikitinku, hannunmu ya ɗan yi ƙasa." Ta zaro dalar Amurka ta ba ni, ba ta ce komai ba, muka rabu lafiya a filin jirgi. Sai da na zo bikin nan, ana tsakar rabon abinci, na ji wata daga cikin dangi tana cewa, "Ga Balarabiya nan, a gidanta ko ruwa ka sha sai ka biya." Aka yi dariya. Na shige ɗakin Mama na yi kuka. Mama ta ce in yi haƙuri, amma ta ƙara da cewa a gidanmu ba a taɓa tambayar baƙo kuɗi ba. Wannan maganar ta fi waccan yi mini ciwo, domin gaskiya ce. Na tashi na ga zauren Baba ba ya rabo da mutanen ƙauye, wani ya yi wata guda ba wanda ya ce masa yaushe za ka tafi. Sai dai shi Baba tuwo yake ƙarawa, ba ya sayen tikiti.

Ga abin da ya hana ni barci yanzu. Yayar maigidana ta ce za ta zo da 'ya'yanta uku da aminiyarta, sati uku, daidai lokacin da yake shirin kare kundinsa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ita ta biya masa kuɗin jirgi na farko. Ba zai iya ce mata a'a ba, ni ma ba na so ya ce. Da na kawo masa lissafi sai ya ce Allah zai rufa asiri. Na yarda da haka, amma na san akwai bashin baƙin bara a kansa da bai gama biya ba, shi kuma bai san na sayar da 'yan kunnena na lefe ba don cefanen wancan zuwan.

Anti, ya zan yi? In je in same ta da kaina kafin in koma, in faɗa mata halin da muke ciki, ko hakan shiga tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwarsa ne? In na roƙe ta ta ɗaga tafiyar zuwa bayan ya gama, za ta ɗauka ni ce ba na son ta zo? Akwai lafazin da mutum zai ce wa baƙo masauki da abinci namu ne, yawo kuma kowa ya taho da guzurinsa, ba tare da an kira shi marowaci ba? Sannan maganar 'yan kunnen nan, in gaya wa maigida yanzu ko in bari sai ya kare kundinsa?

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Taki,
Mai sauraronki daga Tudun Wada, Kaduna