Ƙuri'a 589 ta raba mu da kujerar Croydon

Croydon, Landan
10 ga Mayu, 2022

Malam na malamai,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ya Hajiya da ƙafa? Ya uwargida da yara? Na ga hoton idin da ka turo, kuma kada ka musa, babbar rigar nan ta angwancinka ce, ni na raka ka wajen maɗinkin. Jiya na ji ASUU ta ƙara mako 12 a kan yajin aikin, na ce to, bencin mai shayi ya ga ta kansa. Allah Ya kawo ƙarshen abin, don tausayin yaran nan nake ji ƙwarai.

Ka tambaye ni batun kuɗin makarantar da ƙaninka yake nema a nan. Zan zo kansa a wata wasiƙar, amma yau bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji tun ranar Asabar.

Mun yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar Alhamis, 5 ga wata, kuma mun sha kaye da ƙuri'a 589. Ka sake duba lambar da kyau. A ƙaramar hukumar da mutanenta suka doshi dubu 400, tazarar ke nan tsakanin Jason Perry na jam'iyyar Conservative, wato 'yan mazan jiya, da Val Shawcross ta Leba. Shi ya samu 38,612, ita 38,023. Ita na zaɓa, kuma har yau abin na ci min rai.

Wannan ne karo na farko da muka zaɓi magajin gari da hannunmu. Da, kansilolin jam'iyya mai rinjaye ne suke shiga ɗaki su fito da shugaba. A watan Oktoban bara aka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce sun gaji da wannan tsarin. Ba kuwa a banza suka gaji ba. Leba ce ke riƙe da Croydon tun 2014, a hannunta kuma asusu ya ƙone ƙurmus. A Nuwamban 2020 majalisa ta fito ta ce ba ta iya biyan komai sai abin da doka ta wajabta, ga bashin da ya kai wajen fam biliyan ɗaya da rabi. Sun kafa kamfanin gina gidaje, Brick by Brick, suka zuba masa rancen kusan fam miliyan 200, ko kwabo na riba bai dawo ba. Suka sayi otal da wajen fam miliyan 30, shi ma ya durƙushe. Sai kuma bara talabijin ya nuna gidajen Regina Road a South Norwood: ruwa na zuba daga silin, bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, uwa da 'ya'yanta ƙanana suna kwana a ciki. Uwargida na gefena lokacin, kuka ta yi. Gidajen hukuma ne fa, a Landan, masu haya kuma suna biya.

Za ka ce to me ya kai ni bin Leba bayan duk wannan? Matar nan na bi. Ba ta cikin majalisar lokacin da aka yi ɓarnar. Ta taɓa riƙe Croydon daga 1997 zuwa 2000, ta yi shekara 16 a majalisar birnin Landan, ta yi wa magajin garin Landan Sadiq Khan mataimakiya kan harkar sufuri. Na ga ta san aiki, na kuma ga mu talakawan arewacin gari mun fi samun kunne a wajenta. Sai dai jama'a fushi suke, mai fushi kuwa ba ya tsayawa tantance wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki, a sauran Landan 'yan mazan jiya ne suka kwashi kashinsu a hannu. Ka san 'yan sanda sun ci tarar Firaminista Boris Johnson a watan jiya saboda shagalin da aka yi a gidan gwamnati lokacin kullen korona. Wandsworth da suke riƙe da ita tun 1978 ta suɓuce musu. Westminster, wadda Leba ba ta taɓa ci ba tun da aka kafa ta, ta ci. Barnet ma haka. Mu da Harrow ne muka juya wa guguwar baya. A nan mutane ba su duba wanda ke mulkin ƙasa ba, sharar ƙofar gidansu da harajin da suke biya duk wata suka duba.

Ƙidayar ma ta ja mana rai. Sai da asubar Asabar aka faɗi sakamakon magajin gari, na kansiloli kuwa sai Lahadi aka kammala, bayan kowace ƙaramar hukuma a Landan ta gama nata. Na san abin da za ka ce, kuma a'a, ba inkwankulusib ba ne, ba wanda ya yaga takarda. Nawa ce kawai irin ta ma'aikata, wakilan jam'iyyu na tsaye a kansu suna kallon kowace ƙuri'a.

Bari in ba ka sakamakon mazaɓun, don nan ne daɗin labarin, kai kuma na san ka da son lissafi. Mazaɓa 28 gare mu, kujeru 70. Leba ta samu 34, 'yan mazan jiya 33, jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli 2, Lib Dem 1. Ba mai rinjaye. Arewa, wato ɓangarenmu na London Road, su Broad Green da West Thornton da Thornton Heath da Selhurst, sak aka yi wa Leba kamar kullum. Kudu, su Purley da Coulsdon da Sanderstead masu manyan gidaje da lambuna, sak aka yi wa ɗaya ɓangaren, shi ma kamar kullum. A tsakiya aka yi wake da shinkafa. Fairfield, wato cikin gari, kujera uku ce: Green ta ɗauke biyu, ta bar wa Leba ɗaya, kuma shi ne shigar Green majalisar nan na farko. A Crystal Palace mace ɗaya ta Lib Dem ta kutsa tsakanin 'yan Leba. Waddon ta rabu biyu da ɗaya. Wadda ta fi girgiza ni ita ce New Addington, unguwar talakawa can ƙarshen layin taragon cikin gari. Mazaɓar kudu ta koma hannun 'yan mazan jiya gaba ɗaya, ta arewa kuma aka raba ɗaya da ɗaya. Wanda ya tsira da kujerar Leba a can sunansa Kola Agboola, ka ji sunan ka san daga ina.

Ka tuna Janairun bara da ka kira ni kana faɗa, da aka ce APC ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484 a Kano? Ko kujera ɗaya ba ta kuɓuce ba. Ranar Lahadi ina bin sakamakon Fairfield a waya, kai ne ka faɗo min a rai. Mutum ya karɓi takarda ɗaya, ya ba wannan jam'iyya biyu, ya ba waccan ɗaya, a ƙirga yadda ya rubuta, a faɗa yadda aka ƙirga. Ba wai nan mala'iku ba ne. A Tower Hamlets, wata ƙaramar hukuma a nan Landan, Lutfur Rahman da kotu ta tsige daga kujerar magajin gari a 2015 kan maguɗi, ta hana shi takara shekara biyar, ya dawo ya lashe kujerarsa, jam'iyyarsa ta kwashi kansiloli 24 cikin 45. Amma ko can ɗin, ka ga kotu ta iya tsige shi.

Af, wai da gaske ne mutumin namu na bayan masallaci ya sayi fom ɗin majalisar jiha? Da wane kuɗin? Har yanzu ina bin sa na kati tun muna hidimar ƙasa. Ka ce masa in ya ci ni ne mai ba shi shawara kan harkokin waje. Kuma na ji amaryar Alhaji ta sauka, namiji, Allah Ya raya. Ba wanda ya faɗa min, a Facebook na gani, zan kama ku da wannan.

Rumfarmu a zauren wata makarantar firamare take. Da sassafe na je, kafin in wuce aiki, don nan ba a ba da hutu, ba a hana zirga-zirga, daga bakwai na safe ne zuwa goma na dare. Wata dattijuwa ta tambayi sunana da lambar gida, ta ɗora rula ta ja layi a kan sunan, ta miƙo min takardu. Ko katin shaida ba ta nema ba, ko da yake an sa hannu a dokar da za ta sa a fara nema nan gaba. Fensir ne ɗaure da zare a cikin ɗan akurkin katako. Babu ɗan sanda, babu mai raba taliya. Kuma babu layi, Malam. Ni kaɗai ne da wani tsoho da karensa ɗaure a bakin ƙofa. A ƙarshe wajen mutum ɗaya cikin uku ne ya fito a duk Croydon.

Nan ne abin ya fi yi min ciwo. Mu 'yan Najeriya da Gana da Kamaru da ke zaune da izini, doka ta ba mu ƙuri'a saboda ƙungiyar Kwamanwel, ba sai muna da fasfon Ingila ba. Da yawa ba su ma san da haka ba. Tun kafin azumi nake bin mutane su yi rajista kafin a rufe a tsakiyar Afrilu. Wannan ya ce yana aikin dare, wancan ya ce duk kanwar ja ce, wani ya ce shi siyasar gida ce a gabansa, ya zaunar da ni yana min lissafin daliget. Ranar idi na tsaya a bayan sahu ina kallon jama'a sun cika masallaci har waje, da kayan Sallah, Hausawa da Yarabawa da 'yan Somaliya da Pakistan. Da sakamakon ya fito, sahun nan na tuna. Sun ninka 589.

Ga kuma maƙwabcina mutumin Maraɗi, wanda na taɓa ba ka labarin kilishinsa. Shekara da shekaru yana biyan harajin gida kamar kowa, ya san sunan kowane kansila a mazaɓarmu, shi ne yake karanta takardun kamfen da ake zurowa ta ƙofa ya zo ya fayyace min. Ba shi da ƙuri'a, don Nijar ba ta cikin Kwamanwel. Ranar zaɓe ya raka ni har ƙofar makarantar, ya tsaya a waje yana jira. Da na fito ya ce, “Ka dangwala mana?” Na ce na dangwala. Shi ne ya buga min ƙofa da safiyar Asabar da labarin.

Yanzu abin da nake tsoro shi ne kasafin kuɗi. Magajin gari daga jam'iyya ɗaya, kansiloli mafi yawa daga wata, bashin kuma yana nan daram. Perry ya yi alkawarin buɗe wurin ninƙaya na Purley da tsabtace tituna, ni kuma tambayata daga wane aljihun. In za a yanke, kula da tsofaffi da ɗakunan karatu da wuraren matasa ake fara taɓawa, kuma unguwanni irin namu ne suka fi dogara da su. Ina masa fatan alheri da zuciya ɗaya, don in ya gaza mu ne a ciki. Kujerar kansilan da ya ci a South Croydon ma dole ya sake ta, za a yi zaɓen cike gurbi. Ba mazaɓata ba ce, amma akwai gidajen 'yan uwa a can, kuma na riga na fara kiran waya.

Ka gaida Hajiya, ka ce maganin gwiwar yana hanya, na ba wanda zai taho ƙarshen wata. In zai dawo a haɗo min yaji da kuka, wanda aka kawo da azumi ya ƙare. Don Allah kada ka bi hanyar Kaduna da dare, ko me ya taso. Ka rubuto, ka daina turo min saƙon murya na minti goma ana jin kukan awaki a bayanka.

Wassalam,
Naka har kullum,
mutumin London Road